Takwaran dijital na cibiyar bayanai: hasashensa ba ya wuce ingancin awonsa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida taka mu yi tsokaci kan wani batu da ya fara yawo a labaran fasaha, wato abin da ake kira tagwayen dijital, ko takwaran dijital, na cibiyoyin adana bayanai, ma'ana kwafin cibiyar a cikin kwamfuta, da iƙirarin da masu sayar da manhajoji ke yi cewa wannan takwara zai faɗi ranar da na'ura za ta lalace tun ba ta nuna alama ba. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma yadda ake tallata ta ya sa mutane da dama, har da masu sa hannu a kan kwangila, suna ɗaukar abin kamar duba. Mu da sana'armu ta shafi lantarki da sanyaya ɗakunan sabobi mun ga ya dace mu warware zare da abawa.

Cibiyar bayanai gini ne da aka cika da sabobi, wato kwamfutocin da ke adana bayanai da sarrafa su, an jera su cikin kabad na ƙarfe da ake kira rak. Rak ɗaya yakan ɗauki gurbi 42, kowane gurbi tsayinsa milimita 44.45. Abin da mai karatu zai riƙe shi ne, kusan duk wutar da ta shiga saba zafi take komawa. Rak mai jan kilowat 10 daidai yake da hita mai kilowat 10 da ba a kashe ta dare da rana. Kafin a kwashe wannan zafi da iska, idan iskar za ta fita da ƙarin digiri 12 a kan yadda ta shiga, sai an tura kimanin kubik mita 2,500 na iska ta cikin rak ɗin a kowace awa. Shekaru da yawa rak mai kilowat 5 zuwa 10 shi ne gama-gari. Yau rak ɗin NVIDIA GB200 NVL72 da ake horar da ƙirƙirarriyar basira da shi yana jan wajen kilowat 120. Da iska za a sanyaya shi, da sai an nemi kubik mita 30,000 a awa, abin da ba zai yiwu ba a cikin kabad ɗaya. Shi ya sa aka koma ruwa, domin lita 172 a minti, da bambancin digiri 10, ta isa ta ɗauke zafin. Hukumar Makamashi ta Duniya, IEA, ta ƙiyasta cewa cibiyoyin bayanai sun sha wutar da ta kai terawat-awa 415 a 2024, kimanin kashi 1.5 cikin 100 na wutar duniya, kuma tana hasashen adadin zai kai wajen 945 nan da 2030. Saboda haka neman hanyar sanin halin waɗannan gine-gine tun kafin matsala ta afku ba son burgewa ba ne.

Tunanin takwara ya girmi sunansa. A watan Afrilun 1970, lokacin da kumbon Apollo 13 ya samu matsala, injiniyoyin NASA sun gwada matakan ceto a kan na'urorin kwaikwayo da ke ƙasa kafin su aika wa 'yan sama jannati umarni. Michael Grieves ya gabatar da tsarin a Jami'ar Michigan a 2002, sannan John Vickers na NASA ya raɗa masa sunan da ya bi shi a 2010. Sharaɗinsa ɗaya ne: akwai abu na zahiri, akwai kwafinsa a kwamfuta, akwai kuma bayanai da ke gudana tsakaninsu ba yankewa. Kyakkyawan zanen gini mai fuska uku da ake juyawa a allo, in ba ya karɓar awo daga ginin, hoto ne kawai. Da yawan abin da ake nunawa a wajen baje-koli hoto ne.

Takwara na gaskiya yana tsaye a kan abu uku: rajistar kaya, ma'aunai, da tsarin lissafi. Masu talla sun fi son magana a kan na ukun, alhali na farko da na biyu ne ke kayar da aiki.

Rajistar kaya ita ce ke faɗin wace saba ke wane gurbi, wane soket take ci, soket ɗin daga wace bireka ya fito, birekar daga wane UPS, wato na'urar batir da ke riƙe wuta idan ta ɗauke. Kullum ana canji a ɗakin sabobi. Ma'aikaci ya cire saba daga gurbi na 30 ya manta bai toshe gurbin da faranti ba, sai iska mai zafi ta bayan rak ta zagayo gaba ta wannan kafa, sabar da ke sama da gurbin ta fara shaƙar iskar da ta fi ta kowa zafi da digiri da dama. A cikin takwaran kuwa gurbin yana nan a rufe. Ko kuma a ɗauke tayil mai huda, wanda iskar sanyi ke fitowa ta cikinsa daga ƙarƙashin daɓe, daga layin sanyi, wato lungun da ke gaban rak-rak, a kai shi wani layin, ko a cusa kebul a ƙarƙashin daɓe har ya tare hanyar iska. Duk wannan ba ya shiga kwamfuta sai wani ya shigar. Shawararmu ita ce kada a rufe takardar kowane aiki sai an sabunta rajista, sannan a riƙa kwatanta rajistar da abin da sabobin ke faɗa da kansu ta hanyoyin tambayar saba da ake kira Redfish ko IPMI, kamar lambar serial da wutar da kowace ke ja. Inda suka saɓa, mutum ya taka ya je ya duba. Gani ya kori ji.

Sai ma'aunai. Ƙungiyar ASHRAE ta injiniyoyin ɗumama da sanyaya gine-gine ta ba da shawarar iskar da ke shiga saba ta kasance tsakanin digiri 18 da 27 a ma'aunin Salshiyas, kuma kayan da ke aji na A1 suna iya jure 15 zuwa 32. A lura, iskar da ke shiga saba ake nufi. Ma'aunin da ke jikin na'urar sanyaya ɗaki yana auna iskar da ta dawo gare ta ne, bayan zafi da sanyi sun gauraya, don haka yana iya nuna 24 alhali saman wani rak a ƙarshen layi yana shan 33. Abin da aka saba shi ne a sa ma'auni uku a ƙofar gaban rak, ƙasa da tsakiya da sama, da aƙalla ɗaya a baya. In ba za a iya yi wa kowane rak ba, a yi wa na ƙarshen layi da kowane na uku, domin a ƙarshen layi da saman rak ne iska mai zafi ta fi zagayowa. A ƙara ma'aunin bambancin matsin iska tsakanin layin sanyi da na zafi, da mitar wuta a kowace bireka, da mitar gudun ruwa a kowane babban bututu.

Ga wani lissafi da ba kasafai ake yi ba. Ana gane yawan zafin da ruwa ya ɗauke ne ta hanyar ninka gudun ruwan da bambancin zafinsa tsakanin shiga da fita. A ce ruwa na fita daga cila, wato injin sanyaya ruwa, a digiri 14 ya dawo a 20, bambanci 6 ke nan. Idan ma'aunin fita ya yi kuskuren rabin digiri zuwa sama, na dawowa ya yi kuskuren rabin digiri zuwa ƙasa, za a karanta 5 maimakon 6. Kuskuren ya kusa kashi 17 cikin 100, daga ma'aunai biyu da kowannensu yake cikin iyakar da aka yarda da ita a takardar masana'anta. Duk hasashen da aka ɗora a kan wannan adadi ya gaji kuskuren. Maganinsa shi ne a sayi ma'aunan biyu a matsayin abokan juna da aka daidaita tare, a riƙa sake daidaita su duk shekara, sannan a sa takwaran ya riƙa yin hisabi a kowace awa: wutar da ta shiga ɗaki dole ta yi kusan daidai da zafin da ruwa ya fitar. In tazarar ta wuce kashi 5 zuwa 10 cikin 100 kuma ta daɗe, akwai ma'aunin da ke ƙarya, kuma a nemo shi kafin a ci gaba da komai. Ruwa ba ya tsami banza.

Agogo ma matsala ce. Bayanan suna zuwa ta hanyoyi daban-daban: Modbus daga mitoci, BACnet daga na'urorin sanyaya, SNMP daga UPS da soket-soket. Modbus ba ya ɗauke da lokaci a cikin saƙonsa, na'urar da ta tambaya ita ke buga lokacin. Idan agogon tsarin kula da gini ya yi gaba da minti uku, tsarin lissafi zai koyi cewa fanka tana ƙara gudu kafin zafi ya tashi, ya juya sanadi da sakamako. A ɗaure kowace na'ura a agogo ɗaya ta NTP, wato tsarin daidaita agogon na'urori ta hanyar sadarwa. Haka kuma tsofaffin tsare-tsare sukan ajiye matsakaicin awo na minti 15 kawai. Sabobin horar da ƙirƙirarriyar basira kuwa suna iya tashi daga ƙaramin ja zuwa cikakke cikin daƙiƙa, dubbansu a lokaci guda, matsakaicin minti 15 ya haɗiye wannan tsalle gaba ɗaya. Ga zafin iska, awo duk daƙiƙa 30 zuwa 60 ya wadatar. Ga wuta, a nemi na daƙiƙa ɗaya, kuma a ajiye mafi girman adadi tare da matsakaicin.

To, idan awo ya inganta, me hasashe ke iya yi da kyau? Ya fi ƙwarewa a kan abin da ke lalacewa sannu a hankali yana barin sawu. Batir ɗin UPS mai dalma da asid shi ne misali mafi kyau. An tsara shi ne a kan digiri 25, kuma duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan haka yana raba tsawon rayuwarsa biyu. Ana jera batura 40 masu bolt 12 a layi ɗaya su ba da bolt 480, guda ɗaya ya yanke, layin duka ya mutu, kuma ba za a sani ba sai ranar da wuta ta ɗauke. Amma kafin ya yanke, turjiyar cikinsa takan riƙa hawa tsawon watanni. A auna ta ranar da aka kafa batir ɗin a ajiye a matsayin tushe. Wanda turjiyarsa ta haura tushen da kashi 20 zuwa 30 cikin 100, ko ya fita daban da 'yan'uwansa na layi, a gwada shi da lodi. Ƙa'idar IEEE 1188 ta ce a canza batir idan ƙarfinsa ya sauka ƙasa da kashi 80 cikin 100. Wannan ba ya buƙatar wata basira mai zurfi, layi ne ake ja a kan jadawali a ga ranar da zai tsallake iyaka.

Haka cila. Akwai tazara tsakanin zafin gas ɗin sanyaya da zafin ruwan da ke fita daga kwandensa. A bututu mai tsabta takan kasance wajen digiri 1, tana hawa a hankali yayin da datti da gishirin ruwa ke taruwa, kwamfaresa kuma yana ƙara shan wuta. Amma ba a kwatanta ta kai tsaye tsakanin jiya da yau, domin tana canzawa da yawan lodi. A nan takwaran ke da amfani: yana lissafa abin da ya kamata tazarar ta kasance a wannan lodi da wannan zafin waje, ya cire daga abin da aka auna, ragowar ita ake bibiya. Boris ɗin famfo da na fanka suna nuna gajiya ta jijjiga makonni kafin su fara ƙara. Matatar iska tana nuna toshewa ta ƙaruwar matsi, in an kwatanta a gudun fanka iri ɗaya. Bawul ɗin da ke buɗe kashi 100 cikin 100 kullum alhali na maƙwabtansa suna 60, ko dai ya maƙale ko kuma ruwa ba ya isa gare shi.

Faifan ajiya kuwa darasi ne na tawali'u. A 2007 injiniyoyin Google sun wallafa bincike a kan fayafai fiye da 100,000. Sun gano cewa faifan da ya nuna kuskuren dubawa na farko ya ninka sauran sau 39 wajen yiwuwar mutuwa cikin kwana 60. Amma sun kuma gano cewa fiye da kashi 56 cikin 100 na fayafan da suka mutu ba su nuna komai ba a manyan alamomi huɗu na SMART, wato tsarin da faifai ke ba da rahoton lafiyar kansa, kuma kashi 36 cikin 100 ba su nuna wata alamar SMART ba sam. Wanda ya yi tari a kula da shi, amma da yawa ba sa tari.

Akwai kuma tarkon lissafi da mai sayarwa ba zai ambata ba. Mu ɗauki misali: fayafai 10,000, a ce 12 ne ke mutuwa a wata. An kawo tsarin da ke kama 10 daga cikin 12, kuma yana kuskure a kan lafiyayye ɗaya kacal cikin 100. A takarda abin sha'awa ne. A aikace kuwa, kashi 1 cikin 100 na 10,000 fayafai 100 ne. Ma'aikaci zai samu gargaɗi 110 a wata, 10 ne kawai na gaskiya. Bayan wata uku zai daina buɗe saƙon, ranar da na gaskiya ya zo ba mai kallo. Don haka tambayar da za a yi ita ce: cikin gargaɗi goma da tsarinka ya bayar, nawa ne suka tabbata, kuma kwana nawa ya ba da kafin lalacewar? Adadin da ake kira daidaito, irin kashi 99 cikin 100, ba shi da ma'ana a nan, domin tsarin da kullum ke cewa lafiya lau ma zai samu fiye da haka.

Wani abin da ke lalata koyon na'ura shi ne takardun gyara. Tsarin yana buƙatar sanin ranar da abu ya lalace da abin da ya lalace. Takardar da aka rubuta wa "an gyara" kawai, aka rufe ta kwana tara bayan aikin, ba ta koyar da komai. Sannan wajen gwaji, a raba bayanai bisa lokaci: a horar da tsarin da na shekarar da ta wuce, a gwada shi da na watannin da suka biyo baya. Idan aka gauraya su aka ɗiba barkatai, tsarin ya leƙa amsa ke nan, zai ci jarrabawa ya faɗi a fagen aiki. Kuma duk kayan da aka cire saboda hasashe a gwada shi a benci a rubuta sakamako, in ba haka ba ba za a taɓa sanin ko da gaske zai lalace ba.

Yanzu ga inda muka fi son mai karatu ya tsaya. Tsarin da ya koya daga tarihi bai san abin da bai taɓa faruwa ba, kuma abin da ke kashe cibiya sau da yawa shi ne wanda bai taɓa faruwa ba. Ranar 19 ga Yulin 2022 zafi ya kai digiri 40.3 a Birtaniya, alhali mafi girman da aka taɓa aunawa kafin wannan guguwar zafi shi ne 38.7 a 2019. A ranar na'urorin sanyaya sun gaza a cibiyoyin Google Cloud da Oracle na Landan, dole aka kashe wasu sabobi. Babu tsarin da aka horar da bayanan shekarun baya da ya taɓa ganin irin wannan rana. Ga kuma abin da ke ƙara dagula lamarin: cilar da ke sanyaya da iskar waje, in an jera su kusa da juna a kan rufi, sukan sake shaƙar iskar da suka fitar, sai zafin bakinsu ya fi na tashar yanayi da digiri da dama, matsin gas ya hau, su kashe kansu. Ma'aunin zafin waje a bakin kowace cila ya kamata a sa shi.

Ranar 30 ga Agustan 2023 kuma, a wata cibiyar Azure ta kamfanin Microsoft da ke gabashin Ostareliya, wuta ta yi rauni na ɗan lokaci. Bisa rahoton da Microsoft ta fitar, cila biyar da ke aiki sun tsaya kuma ba su tashi ba saboda famfunansu ba su samu umarnin tashi ba. Cikin biyun da ke jiran ko-ta-kwana, ɗaya ce ta tsaya da ƙafarta. Babu boris ɗin da ya gaji a nan, babu batir ɗin da ya tsufa. Jerin umarni ne ya karye. Takwaran da bai ƙunshi dabarun sarrafawa ba, wato wa ke ba wa wa umarni da kuma daƙiƙa nawa ake jira, ba zai ga irin wannan ba.

Irin waɗannan tambayoyi lissafin kimiyya ke amsa su. Ɗaki mai kubik mita 1,000 yana ɗauke da iskar da ta kai kilo 1,200. In sabobin cikinsa na jan kilowat 500 kuma sanyi ya yanke ɗungurungum, lissafin iska kaɗai ya nuna hawan kusan digiri 0.4 a kowace daƙiƙa. A zahiri ƙarfen rak da sabobi da daɓe suna shanye wani kaso, hawan ya ragu, amma maganar ta 'yan mintoci ce. Janareta yakan ɗauki lodi cikin daƙiƙa 10 zuwa 15, cila kuwa tana iya ɗaukar mintoci kafin ta dawo cikakken ƙarfi. Ana cike wannan giɓi da tankin ruwan sanyi: don riƙe megawat 1 na minti 10 da bambancin digiri 6, ana buƙatar kimanin lita 24,000, kuma dole famfuna da fankoki su kasance a kan UPS, in ba haka ba tankin ado ne. Takwara mai amfani shi ne wanda, da lodin yau, zai ce: in cila ta biyu ta faɗi yanzu, rak kaza zai wuce digiri 32 cikin minti kaza. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Haka yake a ɓangaren wuta. Kowace saba tana ci daga layi biyu, A da B. A ce kowane layi yana da bireka mai amfiya 32, kuma kowanne na ɗauke da 18. A allo duk biyun kore ne. Layin A ya ɗauke, B ya karɓi 36, birekarsa ta faɗi bayan ɗan lokaci, rak ɗin duka ya mutu. Jimillar layukan biyu ce abin dubawa, a kowace fes, wato kowane reshen wutar, daban, kuma inda ake bin ƙa'idar kashi 80 cikin 100 ga lodi mai ɗorewa, kada jimillar ta wuce amfiya 25.6. Idan aka haɗa wannan lissafi mai sauƙi da hasashen yadda lodi ke ƙaruwa wata-wata, za a san watan da rak zai rasa kariyarsa tun kafin a kai can.

Cikakken lissafin kwararar iska, wanda ake kira CFD, yakan ɗauki awanni kafin ya kammala yanayi guda. Dabarar da ake bi ita ce a gudanar da ɗaruruwan yanayi tun da wuri, har da munana, sannan a horar da ƙaramin tsari mai sauri da sakamakonsu don ya riƙa amsawa cikin daƙiƙa. Dabara ce mai kyau, da sharaɗi biyu. Na farko, a daidaita babban lissafin da awon zahiri, a auna iskar da ke fitowa daga kowane tayil, a kwatanta zafin da aka lissafa da wanda aka auna. A ganinmu, in mafi yawan rak-rak ba su faɗa cikin digiri 1 zuwa 2 ba, ba a gama ba. Na biyu, ƙaramin tsarin ya san iyakarsa. In aka tambaye shi abin da ya fita daga da'irar da aka horar da shi, ya ce bai sani ba.

Game da rage shan wuta, nasarar da aka fi ambata ita ce ta DeepMind, cibiyar binciken ƙirƙirarriyar basira ta Google, wadda a 2016 ta sanar da rage wutar sanyaya da kusan kashi 40 cikin 100 a wata cibiyar Google. A 2018 aka ba tsarin damar sarrafawa da kansa: duk minti biyar yana ɗaukar awo daga dubban ma'aunai ya zaɓi mataki. Abin da ba a cika ambata ba shi ne shingen da aka yi masa. Ana watsar da duk matakin da tsarin ba shi da tabbaci a kansa, na'urar sarrafawa ta cikin ginin tana sake tantance umarnin da iyakokin da injiniyoyi suka gindaya, kuma ma'aikaci na iya karɓe ragama a kowane lokaci. Sannan wutar sanyaya wani yanki ne kawai na wutar cibiya. Ma'aunin PUE, wanda The Green Grid ta fito da shi a 2007, yana raba jimillar wutar gini da wutar sabobi, don haka ƙaramin adadi ya fi kyau. Binciken Uptime Institute ya nuna matsakaicinsa ya sauko daga 2.5 a 2007 zuwa wajen 1.56 a 2024, Google kuwa tana ba da rahoton wajen 1.1. Cibiyar da ke 1.8 ta fara da toshe guraben banza da raba layin zafi da na sanyi da rage gudun fanka. Wutar fanka tana bin gudunta ne in an ninka gudun da kansa har sau uku: a sauke gudu zuwa kashi 80 cikin 100, wutar ta koma kimanin 51. Sai dai a yi hattara, in aka ɗaga zafin ɗaki da yawa, ƙananan fankokin cikin sabobi za su ƙara gudu, kuma wutarsu ana lissafa ta a ɓangaren sabobi. PUE zai yi kyau a takarda alhali jimillar wuta ta ƙaru. Jimillar mita ita ce alƙali.

Takwara yana tsufa. An sabunta manhajar cikin sabobi, yadda fankokinsu ke amsa zafi ya canza. An kawo rak mai sanyaya da ruwa, an shigo da sababbin abubuwan lura: matsin ruwa, matatar ruwa, ɗigo, da yanayin sinadarin ruwan kansa. A riƙa bibiyar tazara tsakanin abin da takwaran ya faɗa da abin da ya faru, kullum, kuma a sa mutum guda da sunansa ya ɗauki alhakin wannan jadawali. Ta fuskar tsaro kuma, takwaran taswirar raunin gini ce gaba ɗaya, kuma tsohon Modbus ba ya tambayar wanda ke ba shi umarni ko wane ne. Bayanai su riƙa fita ta ƙofar karatu kawai, hanyar rubuta umarni ta zama daban.

Ga duk wanda aka kawo wa irin wannan manhaja, kafin ya sa hannu ya nemi a yi gwaji a gabansa. A zaɓi lokacin da lodi ya yi ƙasa, a tabbatar akwai rarar sanyi, a rubuta matakin komawa baya. A sa takwaran ya rubuta hasashensa tukuna: in an kashe na'urar sanyaya ta uku, zafin bakin waɗannan rak-rak goma zai kai kaza bayan minti 5, kaza bayan minti 15, da ragi ko ƙarin digiri kaza. A buga takardar a sa mata hannu. Sannan a kashe na'urar, mutum ɗaya na tsaye kusa da makunninta, wani na kallon ma'aunai, da yarjejeniyar cewa da zarar wani rak ya taɓa digiri 30 za a kunna ta. A kwatanta awon da takardar. Bayan wata shida, lokacin da aka shigar da sababbin sabobi aka fitar da tsofaffi, a maimaita gwajin da wata na'urar daban, ba tare da an sanar da mai sayarwa wacce ba ce.

Mun gode da filin da ka ba mu.

Mu ne naka,
Wasu injiniyoyin lantarki da sanyaya cibiyoyin bayanai